Yadda Batir Mai Bolt 12 Ke Tara Bolt 2,000

Ranar 29 ga Agusta, 1831, a ɗakin gwajinsa da ke Royal Institution a titin Albemarle, Landan, Michael Faraday ya gwada wani zoben ƙarfe da ya naɗa wa wayoyin jan ƙarfe biyu, kowace a ɓangarenta. Ɗaya ya jona da batir, ɗayar da allurar awo. Da ya ba da wuta allurar ta motsa ta kwanta, da ya yanke kuma ta sake zabura ta ɗaya gefen. Zoben na nan a cibiyar har yau. A kan wannan zabura ta lokacin yanke wuta aka gina taransifomar filaibak, wadda ke cika kafasita a filashin kyamara da na'urar farfaɗo da bugun zuciya da ake ratayewa a tashoshin jirgin ƙasa na Landan.

Taransifomar unguwa tana miƙa wuta ne a daidai lokacin da take karɓa. Filaibak kuwa sai ta karɓa ta adana, sannan ta zubar, kamar mai cika randa da moɗa. Makunnin tiransista na rufewa, wuta ta hau kwayil na farko, ƙarfin ya taru a matsayin maganaɗisu, dayod kuma ya tare kwayil na biyu. Da makunnin ya buɗe, maganaɗisun ya rushe, ya tura abin da ya tara ta cikin dayod zuwa kafasita, ko da kafasitar ta riga ta ɗauki bolt dubu.

Saboda haka mai zayyana yakan fara da lissafin ƙarfi. Kafasita mai maikurofarad 100 a bolt 2,000 tana riƙe jul 200. Kwayil na farko mai maikurohenri 10, idan wutarsa ta kai amfiya 10, yana adana rabin kashi ɗaya cikin dubu na jul. A maimaita hakan sau 50,000 a daƙiƙa, an sami wat 25. Ke nan daƙiƙa takwas sun isa a takarda, kusan goma idan an cire abin da zafi ya ci.

Sai zuciyar taransifomar, wadda ake yi da ferayit. Da gangan ake barin 'yar siririyar rata tsakanin ɓangarorinta biyu, sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba. Kusan duk ƙarfin a wannan ratar yake zama. Idan babu ita ferayit ya ƙoshi da wuri, wuta ta kwararo ba birki, tiransista ta ƙone.

Yawan naɗi kuma tiransistar yake karewa. Da zagaye 10 a kwayil na farko da 200 a na biyu, bolt 2,000 na kafasita yana komowa kan tiransistar a matsayin bolt 100, a ƙara 12 na batir, da tsinin wutar da ke tasowa daga maganaɗisun da ya zille bai shiga kwayil na biyu ba. Wannan tsini ake haɗa wa 'yar da'irar dayod da kafasita da resista ta shanye shi. Kwayil na biyu hawa-hawa ake naɗa shi, ana shimfiɗa tef tsakani, don kada tartsatsi ya tsallaka.

Lokaci mafi haɗari shi ne farkon caji. Kafasitar da ba komai a cikinta tana jan juyewar ƙarfi daga kwayil na biyu ta daɗe, kuma idan makunni ya sake rufewa kafin a gama, saura ya hau kan saura har ferayit ta ƙoshi. Shi ya sa da'ira mai kyau take jiran wutar kwayil na biyu ta ƙare tukuna. Duk wanda ya riƙe tsohuwar kyamara ya ji wannan da kunnensa: fiton filashi yakan fara da kauri, yana sirancewa yayin da juyewar ke ƙara sauri.

Cikakkiyar kafasita ba ruwanta da an cire batir, jul 200 kuma ya isa ya kashe mutum. Dole a haɗa mata resista mai tsiyaye wutar a hankali, mai gyara kuma ya ɗora mita ya tabbatar kafin ya kai hannu.