Ƙwaro Mai Dogon Hannu na Dajin Yanbaru

A watan Satumba na 1983, hasken fitilun madatsar ruwa ta Fungawa, a arewacin tsibirin Okinawa na ƙasar Japan, ya jawo wani ƙwaro da dare. Da aka kai shi gaban masana, sai aka ga babu shi a cikin kowane kundi. A shekarar da ta biyo baya, 1984, Yoshihiko Kurosawa na gidan adana kayan kimiyya na ƙasa da ke Tokyo ya wallafa bayanin siffarsa, ya raɗa masa suna Cheirotonus jambar.

Gano sabon ƙwaro ba abin a buga tambari ba ne, domin kowace shekara ana rubuta dubbai, yawancinsu ƙanana da sai an sa gilashi ake ganin su. Abin da ya sa wannan ya tayar da ƙura shi ne girmansa da kuma ƙasar da aka same shi. Namijin yakan kai santimita 5 zuwa 6, wato a tsawon gangar jiki ya fi duk wani ƙwaro mai tauri da aka sani a Japan. Kuma Japan ƙasa ce da yara ke kiwon irin waɗannan ƙwari a gida, ana sayar da su a kantuna, manya na kashe kuɗi wajen tara su. A ce irin wannan ƙato ya ɓoye wa mutanen nan har 1983, dole a tambayi ina yake zaune.

Kafin a je can, a duba jikinsa tukuna, domin jikin ne shaidar da masana ke karɓa.

Dangin buzuzu ne, wannan dai da muka sani yana mirgina kashin shanu a hanyar gona. Zuriya ce babba, mai nau'i fiye da 30,000 a duniya, kuma akasarinsu ba su da wata hulɗa da kashi. Wasu ganye suke ci, wasu fure, wasu ruwan itace. Abin da ya haɗa su shi ne 'yan tsinkayen nan biyu na gaban kai da suke shinshina da su. Ƙarshen kowane tsinke faifai ne sirara a jere, masu buɗewa da rufewa kamar shafukan littafi. In ƙwaron na neman abinci ko mace sai ya baje su, in ya ji haɗari ya tsuke su. Duk wanda ya kama buzuzu ya dubi kansa da kyau zai ga haka. Tsutsarsu ma iri ɗaya ce: fara, mai ƙiba, a lanƙwashe, irin gwazarmar da ake tonowa a juji.

Na Okinawan yana da duk waɗannan, sannan ya ƙara da nasa. Allon da ke bayan kansa kore ne mai sheƙi da ya ɗan ja zuwa ruwan tagulla, cike da 'yan ramuka, da kwari a tsakiya, gefunansa kuma da ƙananan haƙora. Fukafukansa na sama, masu taurin nan da ke rufe na tashi, baƙi-baƙi ne da ɗige-ɗige ruwan ƙasa mai rawaya. Ƙasan cikinsa akwai gashi mai laushi. Amma duk wanda ya gan shi, ba waɗannan zai fara lura da su ba. Ƙafafun gaba na namiji ne za su ɗauke masa ido: dogaye, a gantsare, a jikin babban namiji har sun fi gangar jikinsa tsawo, kuma kowace na ɗauke da ƙayoyi masu kallon ciki. Macen ba ta da wannan ko kaɗan. Ƙafafunta gajeru ne masu ƙarfi. Wanda bai sani ba zai rantse ba jinsi ɗaya ba ne. Masana na ganin namiji yana amfani da dogayen hannayen ne wajen kokawa da abokin hamayya a jikin itace da kuma riƙe mace, ko da yake hannun da ya yi tsawo haka ba ya sa tafiya ta yi sauƙi, kuma ƙwaron ba shi da zafin nama.

To, dogon hannu kaɗai bai isa a ce an sami sabon nau'i ba. Yana da 'yan uwa masu irin wannan ƙira a Taiwan, da kudancin Sin, da Biyetnam, har gindin tsaunukan Himalaya, da wani ɗan uwa na nesa a Turkiyya. Aikin mai bayyana sabon nau'i shi ne ya jera su, ya nuna inda wannan ya saɓa: tsawon ƙayoyin ƙafa da wurin da suka tsiro, yanayin haƙoran gefen allo, yawan ramukan da zurfinsu, tsarin ɗige-ɗigen fukafukai. Launi shi ne mafi raunin shaida, domin yakan bambanta tsakanin 'ya'yan uwa ɗaya. Girma ma haka; tsutsar da ta ƙoshi takan zama babban namiji mai dogon hannu, wadda ta sha yunwa ta fito ƙarami, alhali jinsinsu ɗaya. Shi ya sa a wannan fanni ake ciro al'aurar namiji a duba ta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, don sifarta ta fi tsayawa a kan hali ɗaya a cikin kowane nau'i. Daga nan sai a zaɓi ƙwaro guda, a soke shi da allura, a maƙala masa takardar wuri da rana, a ajiye a gidan adana kaya. Sunan yana rataye ne a kan wannan guda ɗin, kuma duk mai jayayya nan gaba wurinsa zai koma. Tun daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya gabatar da hanyar tantance halittu da ɗan guntun ƙwayar gado, an sami ƙarin mai ba da shaida. A ganina dai bai kori ido da ma'auni daga aiki ba, tunda mai gadin daji da jami'in kwastan da siffa suke gane abin da ke gabansu.

Yanzu a koma kan inda ya ɓuya. Kusan duk rayuwarsa a cikin kogon bishiya take. Macen na neman tsohuwar itaciya, musamman wadda mutanen wurin ke kira itajii, wadda cikinta ya ruɓe ya tara dusa mai danshi, ta yi ƙwai kaɗan a ciki. Tsutsar na cin wannan dusa wajen shekara uku. Babban ƙwaron kuwa fitowarsa ta ɗan lokaci ce, daga ƙarshen zafi zuwa farkon kaka, kuma da dare. Duk duniya babu shi sai a dajin Yanbaru, wanda ya ratsa ƙauyukan Kunigami da Ogimi da Higashi. Dajin nan ya saba ɓoye abubuwa: a 1981 ma, shekara biyu kacal kafin nan, aka bayyana wani tsuntsu nasa da kusan ba ya tashi, wanda kimiyya ba ta san da shi ba.

Siffar da ta sa aka san shi ita ce ta jawo masa masifa. Gwamnatin Japan ta ayyana shi a matsayin abin tarihi na halitta a 1985, ta kuma sa shi a jerin halittun da doka ta hana kamawa ko sayarwa a 1996. Duk da haka masu tara ƙwari ba su haƙura ba, kuma ɓarayin ba sa jiran fitowar babba. Kogon suke farfasawa su kwashe tsutsa, abin da ke lalata gidan gaba ɗaya. Kogo irin wannan kuwa sai itaciya ta yi shekaru gommai kafin ya samu, ga shi sare daji da fasa hanyoyi bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun riga sun rage tsofaffin itatuwa. An mayar da yankin gandun daji na ƙasa a 2016, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2021. A lokacin fitowar ƙwaron, ma'aikatan muhalli da mazauna ƙauyukan kan yi sintiri da dare a hanyoyin dajin, suna duba motoci da tarkunan da aka ɗana a jikin itatuwa.