Daga Birnin Gwari zuwa Bagega: Tarihin rububin zinare da sa hannun Abuja

Duk zinaren da ke kwance a ƙarƙashin ƙasar Nijeriya mallakar Gwamnatin Tarayya ne, kamar yadda sashe na 44(3) na kundin tsarin mulki da Dokar Ma'adinai ta 2007 suka tanada. A Abuja ake ba da lasisin haƙarsa, amma ramukan suna can cikin dazukan Zamfara da Neja da Kaduna da Kebbi. Tazarar da ke tsakanin teburin ofis da bakin rami ita ce ta sha yanke wa mahaƙa hukuncin rayuwa ko mutuwa.

An fara rubuta alƙaluman zinaren Nijeriya a 1913, amma rububi na farko ya zo ne a shekarun 1930. A 1931 Ingila ta daina jingina fam ɗinta da zinare, farashinsa ya tashi, a daidai lokacin da kasuwar kuza ta faɗi a Jos. Turawa masu neman arziki da leburorin da suka rasa aiki suka kwarara zuwa yankunan Minna da Birnin Gwari da ƙasar Sakkwato, suna tace yashin rafuka. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka mai da hankali kan kuza, kamfanoni suka watse. Ramukan suka rage, tare da mutanen ƙauye da suka riga suka koyi sana'ar.

Rububi na biyu ma farashi ne ya kira shi. Bayan durƙushewar tattalin arzikin duniya a 2008 zinare ya yi tsada, manoma suka jingine garma suka ɗauki diga. A filin haƙa kowa da aikinsa: mai shiga rami da fitila a goshi, mai jan buhun dutse da igiya, mai injin niƙa, mai wanke gari a kwano yana kama zinaren da zaiba. Akwai ubangidan da ke ciyar da ma'aikata har a dace, sannan ya ɗauki kaso mafi tsoka, ga dillali da ma'auninsa, ga mata masu tuwo da shayi. Cikin 'yan makonni daji kan koma kasuwa. Haka aka gani a Djado ta Jamhuriyar Nijar a 2014, inda dubban matasa suka tsallaka hamada.

A Zamfara dutsen yana haɗe da dalma, kuma ana kai shi cikin gida a daka a turmi, a niƙa da injin hatsi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara suna mutuwa bayan jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Sama da yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Magani ba ya amfani sai an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje, domin yaron da aka warkar zai koma ya sake shaƙar ƙurar. An tsabtace ƙauyuka bakwai, Bagega ta rage tana jiran kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari. Ba a saki kuɗin ba sai farkon 2013, bayan matsin lambar masu fafutuka. Duk watan da fayil ya kwana a kan tebur, yaran Bagega suna wasa a cikin guba. A 2015 annobar ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta kashe yara 28.

Tun daga nan Abuja ta gwada hanyoyi iri-iri. A Afrilun 2019 an haramta haƙar ma'adinai a Zamfara saboda 'yan bindiga, aka ɗage haramcin a Disambar 2024. A Yulin 2020 an miƙa wa Shugaba Muhammadu Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 ƙarƙashin shirin PAGMI na saye daga ƙananan mahaƙa. A 2024 Minista Dele Alake ya ƙaddamar da dakarun tsaron ma'adinai daga rundunar NSCDC.

A Maris na 2025 farashin zinare ya haura dala 3,000 kowane oza a karon farko. Sau biyu tarihi ya nuna abin da ke biyo bayan irin wannan tashi: matasa za su shiga daji, da lasisi ko babu. Rigakafin kuwa sananne ne, wato rajistar ƙungiyoyin mahaƙa, niƙa dutse da ruwa nesa da gidaje, gwajin jinin yara, da sakin kuɗi a kan kari. Mafi yawan waɗannan suna farawa ne da takardar da ke jiran sa hannun wani jami'i a Sakatariyar Tarayya.