Kayan Jarirai: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Duba Kafin Su Sayi na Yayi

Sayen kayan jariri ya zama wani babban sashe na shirin haihuwa a biranen Najeriya. Daga Kasuwar Wuse a Abuja zuwa Balogun a Legas da Sabon Gari a Kano, har zuwa shagunan da ke talla a Instagram da WhatsApp, mai juna biyu kan tarar da jerin kaya masu ɗaukar ido: gado mai labule, shawul mai aiki, fida mai launi, keken koyon tafiya, hoda da mayuka iri-iri. Ga kuma ranar suna na tafe, inda dangi da ƙawaye za su zo barka, kowa yana kallon yadda aka shirya ɗakin mai jego.

Son ado ga ɗa halayya ce ta iyaye, ba kuma abin zargi ba ne. Sai dai tsadar kaya da kyawunsa ba sa tabbatar da cewa ba zai cutar ba. Wasu daga cikin kayan da ake rububinsu a nan, an hana sayar da su a wasu ƙasashe. Wasu kuwa da suka fi amfani ga jariri, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Wurin kwanciya

Jariri sabon haihuwa yana shafe mafi yawan yininsa cikin barci, don haka wurin kwanciyarsa ne ya fi cancantar a fara dubawa. Shawarar likitocin yara ita ce a kwantar da shi rigingine, a kan katifa mai ɗan tauri da ke shimfiɗe daidai, wadda ta cika gadon ba tare da ta bar rata a gefe ba. Ba a sa masa matashin kai, ko bargo mai kauri, ko 'yar tsana a cikin gadon. Dalili kuwa shi ne a watannin farko jariri ba shi da ƙarfin wuyan da zai kawar da fuskarsa idan wani abu mai laushi ya toshe masa hanci da baki.

Wannan ne ya sa a shekarar 2022 Amurka ta kafa dokar da ta haramta ƙerawa da sayar da tausasan matasan da ake zagaye cikin gadon jariri da su, da kuma gadaje masu gangare da ake kishingiɗar da jariri a kai. Kafin nan, a watan Afrilun 2019, kamfanin Fisher-Price ya janye irin wannan gado nasa mai suna Rock 'n Play, kimanin guda miliyan 4.7, bayan rahotannin mutuwar jarirai. Idan jariri ya yi barci a kishingiɗe, kansa kan rinjaya gaba, haɓarsa ta danne ƙirji, hanyar numfashi ta ƙuntata. Kayan da aka janye a wata ƙasa na iya ɓullowa a kasuwar gwanjo ta wata, don haka mai sayen gado na hannu ya kula.

Abin da gadon jariri ya fi buƙata a ƙasar nan shi ne gidan sauro mai magani. Najeriya ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma mata masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ne suka fi shan wahalarta. Labulen leshi da ake rataya wa gado don ƙawa ba ya maye gurbin gidan sauro.

Sutura da goyo

Fatar jariri siririya ce, kuma jikinsa bai ƙware wajen daidaita zafi da sanyi ba. Tufafin auduga marasa nauyi sun fi dacewa da yanayinmu. Rigunan biki masu duwatsu, maɓallai da zare mai sheƙi suna iya goge fata, abin da ya ɓalle daga jikinsu kuma yana iya shiga baki. Idan an sa wa jariri irinsu don hoton ranar suna, a cire da zarar an gama. Haka sarƙa da ɗamarar kai mai fure, ba a barin yaro ya yi barci da su.

Naɗe jariri da hula da safa da shawul biyu a tsakiyar watan Afrilu yana jawo ƙuraje da zafin jiki fiye da kima. Hanyar ganewa mai sauƙi ita ce a taɓa bayan wuyansa ko ƙirjinsa. Idan akwai gumi, a rage kaya. A lokacin hunturu kuwa, musamman a arewa, sai a ƙara.

Akwai wata al'ada da ke buƙatar gyara: zuba ƙwallayen kafur a akwatin kayan jariri don korar kyankyasai da sa ƙamshi. Sinadarin naftalin da ke cikinsu yana farfasa jajayen ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin wani sinadarin jiki da likitoci ke kira G6PD, kuma wannan ƙaranci ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga yara maza. Sakamakon shi ne shawara mai tsanani, wadda idan ba a yi gaggawar kai yaro asibiti ba takan taɓa ƙwaƙwalwa. A wanke sababbin kaya da na gwanjo da sabulu mara ƙamshi, a shanya su a rana, a goge, a adana ba tare da kafur ba.

Game da goyo, zani da majanyi sun daɗe suna aikin da jakar goyon zamani ke yi. Duk wadda aka zaɓa, sharaɗin ɗaya ne: fuskar jariri ta kasance a buɗe, wuyansa ya sami tallafi, kada ya lanƙwashe a ciki. Ga jaririn da aka haifa bakwaini ko mara nauyi, Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ba da shawara a 2022 cewa a fara manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata, nan take bayan haihuwa.

Cibiya, fata da ido

A 2016 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin faɗaɗa amfani da man Chlorhexidine wajen kula da cibiyar jariri. Ana shafa shi sau ɗaya a rana da hannu mai tsabta, tun daga ranar haihuwa, kamar yadda ma'aikaciyar lafiya za ta nuna. Na cibiya ne kaɗai, kada ya kusanci ido. Gasa cibiya da tsumma mai zafi, ko shafa mata man goge baki, man zafi ko toka, hanya ce ta shigar ƙwayoyin cuta cikin jini.

Hoda na cikin kayan da ba a rasawa a kwandon jariri, amma likitocin yara ba sa ƙarfafa amfani da ita, domin ƙurarta na shiga huhu. Kamfanin Johnson & Johnson ya daina sayar da hodarsa ta jarirai mai sinadarin talk a Amurka da Kanada a 2020, sannan a duniya baki ɗaya a 2023, ya koma yin ta da garin masara, duk da cewa ya ci gaba da cewa hodar tasa ba ta da illa. A watan Yulin 2024, cibiyar binciken cutar daji ta WHO ta sa talk cikin jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar. Abin da ke hana sassaɓewar ɗuwawu shi ne yawan canza fanfas ko nafkin, wankewa da ruwa, da barin wurin ya sha iska.

Kwalli ma abin lura ne. Na gargajiya da ake niƙawa daga dutse yakan ƙunshi dalma mai yawa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa labarin wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka kuma gano cewa daga kwallin da aka kawo daga Najeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. 'Yan Najeriya sun san illar wannan guba tun abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu a ƙauyukan da ake sarrafa zinari. Dalma tana daƙile bunƙasar ƙwaƙwalwa, kuma babu wani adadi nata da aka amince ba ya cutar da yaro.

Shayarwa da fida

WHO da Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, suna ba da shawarar a fara shayarwa cikin sa'a guda bayan haihuwa, a ba da nono zalla har wata shida ba tare da ko ruwa ba, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Dakashi, wato nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, yana ɗauke da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jijiyoyi.

Tun 1981 aka amince da ƙa'idar duniya da ta taƙaita tallan madarar gwangwani ta jarirai, kuma a Najeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido kan bin ta. Akwai uwayen da rashin lafiya ko wani dalili ke hana su shayarwa, su kuma ba abin zargi ba ne. Abin da ya kamata shi ne su nemi shawarar likita kan madarar da ta dace. Garin madara ba ya rasa ƙwayoyin cuta gaba ɗaya, don haka a dama shi da tafasasshen ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, a bar shi ya huce, a zubar da abin da ya wuce sa'a biyu. Tsarma madara da ruwa fiye da ƙa'ida don gwangwani ya daɗe yana jefa yaro cikin tamowa.

Wajen sayen fida, a duba cewa ba ta da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta haramta a fidar jarirai a 2011, Amurka ta bi baya a 2012. Inda ruwa mai tsabta ke wuya, ƙaramin kofi ya fi fida sauƙin wankewa.

Keken koyon tafiya da kujerar mota

Keke mai taya da ake zaunar da yaro a ciki yana cikin kyaututtukan da aka fi kaiwa barka. Kanada ta haramta shigo da shi da sayar da shi tun 2004. Ba ya sa yaro saurin tafiya, yana kuma ba shi gudun da zai kai shi bakin matakala, murhu, risho ko bokitin ruwa kafin babba ya ankara. Tabarma ko darduma mai tsabta a ƙasa ta ishi yaro ya koyi zama da rarrafe.

Kujerar mota kuwa, wadda iyaye da yawa ke ɗauka ta 'yan gayu ce, tana cikin 'yan kayan da tsadarsu ke da hujja. Idan aka yi karo ko aka taka birki da ƙarfi, hannun uwa ba zai iya riƙe jariri ba. Ana ɗaure kujerar a bayan mota, jaririn yana fuskantar baya, kuma ba a sa ta a gaba inda jakar iska ke fitowa. Wadda ta taɓa shiga haɗari, ko wadda wa'adin da aka rubuta a jikinta ya ƙare, ba a amfani da ita.

Uwa ma tana da nata kason

Kasafin da aka kashe duka a kan jariri ya bar uwa a baya yana da giɓi. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta shekarar 2020 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu ta dalilin ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne. Tun 2016 WHO ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau takwas kafin ta sauka. A wurin awo ake auna hawan jini, a ba da maganin ƙarin jini, rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanos. Ware kuɗin mota, na jini da na tiyata idan ta kama, ya fi cika akwati na uku da kaya, kuma wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan maigida tun cikin yana ƙarami.

Mata masu son gyaran jiki su yi hattara da mayukan bilicin. Wasunsu na ƙunshe da sinadarin makuri, wanda ke ratsa mahaifa ya kai ga ɗan tayi, ya kuma fita ta ruwan nono. NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu, musamman ga iyayen da ke shafa wa 'ya'yansu don su yi haske.

Kafin a biya kuɗi

A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki a jikin madara, magani, sabulu da man shafawa. Kayan da aka haɗa a gida aka zuba a kwalba ba tare da jerin sinadarai ba, a bar wa mai su. Ingancin kayan da ake shigowa da su kamar gado da kayan wasa yana ƙarƙashin hukumar SON, wanda aka cuta a ciniki kuma yana iya kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Jariri yana ninka nauyinsa na haihuwa cikin kimanin wata biyar, don haka rigunan makon farko ba sa daɗewa. Kaɗan sun isa. Katin rigakafi kuwa, wanda ake bayarwa a cibiyoyin lafiya na gwamnati, shi ne zai raka yaro tun daga allurar BCG da ɗigon shan-inna na ranar haihuwa, zuwa na mako shida, goma da goma sha huɗu, har na ƙyanda da shawara a wata tara. Masu zuwa barka ma za su iya taimakawa: kafin a sayi kyauta, a tambayi mai jego abin da take buƙata.