MAI TUDU DA MAI KWARI

Kowa ya ƙetare gadar kogin Kaduna ya nufi kudu, ya bi ta Kakuri ko ta Barnawa, ya miƙa har Sabon Tasha da Gonin Gora, zai ce ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, don ba ya ganin wani dutse irin Dala ta Kano ko Kufena ta Zariya. Amma a tambayi mai keke, shi ya san gaskiya, ƙafafunsa sun gaya masa. Ya hau tudu, ya gangara kwari, ya ƙetare rafi, ya sake hawa wani tudun. Ƙasar nan kamar kunyoyin gona ta ke, manya manya, ko wane kwari kuwa yana kai ruwansa kogin Kaduna, ko kai tsaye, ko ta rafuka irin Romi.

To, abin da mu ke so mu bayyana shi ne, a ƙasa irin wannan ba a yanka wa mutane fegi sai an tambayi ruwa inda ya nufa. Ruwa ba ya hawa tudu. Sabo da haka abin da mai tudu ya yi a gidansa, mai kwari shi ke kwana da shi.

Bari mu yi ɗan lissafi. Fegin da a ka saba yankawa ƙafa 50 ne a faɗi, 100 a tsawo. In ruwan sama ya sauko inci guda kan fegin nan, ya kai garwa 650, irin ta kananzir mai galan huɗu. Kaduna kuwa ta kan sami kusan inci 50 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, mafi yawansa cikin Agusta da Satumba. Sa'ad da fegin ya ke daji, ciyawa da saiwoyin itatuwa su kan tare ruwan, ƙasa ta shanye mai yawa, ta riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Amma in an rufe shi da kwano, an dafe tsakar gida da siminti, kusan duk garwannan nan sai su fito ta wuriya nan da nan, su hau titi. A haɗa fegi dubu, a ga abin da zai isa ƙasan gangare kafin mutum ya gama cin tuwo.

Ba yawan ruwan kaɗai ne abin tsoro ba, har da gudunsa. Masana sun auna, in gudun ruwa ya ninka sau biyu, ƙarfinsa ya ninka sau huɗu. Don haka titin da a ka miƙe daga doron tudu zuwa rafi, ba lambatu ba kwalbati, shekarar farko sai a ga 'yar tsaga a tsakiyarsa, ta biyu ta zama rami, kafin a farga jar ƙasa ta zaizaye har marmara ta fito, kwazazzabo ya fara cin gindin katangu. Yashin da ya kwaso kuma ya cike rafin da ke ƙasa, ruwa ya rasa hanya, ya shiga ɗakunan mutane.

Yaya a ka yi kudancin Kaduna ya cika haka? Cikin 1917 a ka ta da mazaunin mulkin Jihar Arewa daga Zungeru a ka kawo shi Kaduna, wurin da Gwamna Lugga ya zaɓa. A shekaran nan kuma a ka kafa dokar tsarin garuruwa. Amma abin da ta fi kula da shi raba mutane, ba raba ƙasa ba, gama ita ce ta sa a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Ofisoshi da bariki duk a arewacin kogi a ka sa su. Kudu ba kome sai tashar jirgin ƙasa, da ƙauyukan Gbagyi da gonakinsu.

Masaƙu su ne su ka jawo jama'a. Cikin 1957 a ka buɗe ta farko a Kakuri, waɗansu su ka biyo baya, leburori su ka cika Makera da Nasarawa. Wani Baturen Ingila mai tsara birane, Max Lock, shi da mutanensa, su ka auna ƙasar Kaduna, a 1967 su ka fitar da littafin da ya tsara mata hanya ta shekara hamsin, watau har 2017. Amma gari ya fi takarda sauri. A ka buɗe ma'aikatar haɗa motocin Peugeot a 1975, matatar mai kuma a 1980. Bayan fitinun 2000 da 2002 mutane da yawa su ka ƙaura daga wannan gefen kogi zuwa wancan, unguwannin kudu irin su Narayi da Romi da Gonin Gora su ka bunƙasa cikin 'yan shekaru. Yawancin masaƙun sun rufe, amma gidajen suna nan, suna ƙaruwa. Ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna mana kuɗin wannan gaggawa.

To, ina dabara? Masu tsara gari su kan fara da taswira wadda a ka ja wa layuka, ko wane layi ya haɗa wuraren da tsawonsu daga teku ɗaya ne. Inda layukan su ka yi nesa da juna, ƙasa a kwance ta ke. Inda su ka matsu, gangare ne mai tsanani. Da wannan su ke raba ƙasar kashi huɗu.

Na fari, doron tudu. Nan ne wurin babbar hanya, don ruwa ba ya kwana a kai, ba a kuwa bukatar gadoji da yawa. Nan a ke kafa tankin ruwan famfo, don ruwa ya gangara gidaje da kansa. Makaranta da asibiti ma nan ya dace da su. Amma ba a sa juji, ko mahauta, ko ma'aikata mai zub da dauɗa a kai, gama duk rijiyoyin da ke ƙasa za su sha.

Na biyu, gangare mai sauƙi, inda ƙasa ba ta sauka fiye da ƙafa guda cikin ƙafa ashirin. Wannan shi ne mazaunin jama'a. Sai dai titunan su bi gindin tudu a gicciye, kamar yad da manomi mai hankali ya ke gitta kunyarsa don kada ruwa ya kwashe masa taki. Ko wane titi da lambatunsa, ko wane gida kuma a bar masa wani yanki ba siminti.

Na uku, gangare mai tsanani. In ƙasa ta sauka ƙafa guda cikin bakwai, a garuruwa da yawa na duniya a kan faɗaɗa fegi, a rage yawan gidaje, a hana sare itatuwa, a tilasta wa mai gini ya yi katangar tokare ƙasa inda ya yanke tudu. In ta kai guda cikin huɗu, ya fi kyau a bar wa itatuwa.

Na huɗu, kwari da bakin rafi. Wannan gidan ruwa ne. In ya tafi yawon rani, zai komo. A bar shi hurumi, a yi lambuna da fadama da filin wasa, abubuwan da in ruwa ya hau su ya janye ba a yi makoki ba.

Kada wani ya ce rashin doka ne. Dokar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar ko wace jiha ga Gwamna amana, ta 1992 kuwa ta ce ba mai gini sai da izini, a Kaduna kuma hukumar KASUPDA ita ke ba da izinin. Abin da ke ɓata sha'anin awon igiya ne. Mai gona ya kira mai igiya, a yanka gonar fegi fegi, a matse hanya don a ƙara fegi guda, a sayar har da bakin rafi. Safiyo ba ya zuwa sai bayan an yi rufi.

Lalle kuwa mu yi wa talaka adalci. Ba don yana son ruwa ya ke gini a kwari ba, nan ne kuɗinsa ya kai shi. In hukuma ta jira har ya zuba guminsa na shekara goma, sa'an nan ta aiko da motar rusau, ta hukunta wanda ya fi kowa rauni, mai tudun da ya sako masa ruwa yana barci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyara shi ne hukuma ta riga mai igiya isa gona, ta fitar da hanyoyi da magudanu, ta kafa duwatsun iyaka a bakin rafi, ta yanka ƙananan fegi masu araha a gangare mai sauƙi.

Wanda ke ganin abin wasa ne, ya tuna da Firitawun ta ƙasar Saliyo. An sare dajin tsaunukan da ke bayan birnin, an hau su da gini. Ran 14 ga Agusta 1917 ba wanda zai yi mafarkin haka, amma ran 14 ga Agusta 2017, bayan ruwa na kwanaki, gefen tsauni ya zube da asuba, mutum fiye da 1,000 su ka mutu ko su ka ɓace. Mu ba mu da tsauni irin nasu, namu a hankali ya ke ci, katanga bana, ɗaki baɗi. Duk da haka in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da ko wane malami zai iya nuna wa yaransa. Ku tara ƙasa tsibi biyu. Ku lulluɓe guda da ciyawa, ku ja masa layuka a gicciye. Ɗayan ku bar shi tsirara, ku ja layi daga bisa zuwa ƙasa. Ku jera akwatunan ashana a gindin ko wanne, ku zuba musu ruwa buta guda guda. Sa'an nan ku tambayi yaran, a gindin wanne su ke so a gina musu gida. Yaron da ya ga wannan da idonsa, ran da ya girma ya tashi sayen fegi, zai je ya duba shi cikin Agusta, ana tsakiyar ruwa.