Lambun Gida Mai Jure Fari: Abin Lura Kafin a Dasa

A watannin Maris zuwa Mayu, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai kan haura maki 40, rijiyoyi su ja baya, kuɗin jarkar 'yan ga-ruwa ya tashi. A irin wannan hali, ciyawar ado da furannin da ke neman ban-ruwa safe da yamma sun zama nauyi ga magidanci. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san ba a wasa da ruwa a ƙasar nan.

Akwai tsirran da ke tara ruwa a ganye ko a kara, kuma da yawansu namu ne na gida: aguwa da manoma ke shinge da ita, kariya mai jan fure, moɗa, zabuwa wadda danginta ne ake kira alobera, da karan masallaci. Wasu daga cikinsu, kamar zabuwa, da dare suke buɗe ƙofofin numfashin ganyensu, su rufe da rana, don haka ruwan jikinsu ba ya saurin ƙafewa.

Sai dai a sani, yawan ruwa ya fi kashe su fiye da ƙishirwa. Idan ruwan Agusta ya kwanta a gindinsu, saiwa ta ruɓe, shi ke nan. Saboda haka a tada wurin dashen ya ɗara tsakar gida tudu, nesa da indararo. A gauraya ƙasa da yashi mai kauri da tsakuwa, taki kaɗan ya isa. Tukunya ko bokitin da za a dasa a ciki, a huda masa gindi. Reshen da aka yanko a ajiye shi a inuwa 'yan kwanaki, bakin yankan ya bushe kafin a binne. Ban-ruwa kuwa sai ƙasa ta bushe sarai, sannan a shayar sosai a bar ta. Kariya da aguwa na son rana tsantsa. Zabuwa da moɗa sun fi sakewa inda inuwar katanga ke sauka da la'asar. Kada a haɗa su kwami ɗaya da alayyafo ko tumatir, domin buƙatarsu ta ruwa ba ɗaya ba ce.

Gargaɗi ga iyaye: ruwan jikin kariya guba ne, mafarauta sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Farin ƙaron tinya da ƙerana, waɗanda su ma tsirrai ne masu tara ruwa, yana ƙona fata, idan ya shiga ido yana iya makantarwa. A nisanta su daga wurin wasan yara da turken awaki. Mai yankan su ya rufe hannunsa, ya wanke da sabulu. In ya fantsama a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta, a garzaya asibiti, kada a tsaya maganin gida.

Mai son gwadawa ya fara da tukunya biyu ko uku, ya ga yadda suka ƙetare rani da damina, sannan ya faɗaɗa.