Yadda mulkin kwaminisanci ya danne Kiristoci a Habasha

A ranar 12 ga watan Maris na 1977 ne sojojin Habasha suka ƙwace gidan rediyon Muryar Bishara da ke Addis Ababa, wanda Tarayyar Majami'un Lutheran ta Duniya ta buɗe a 1963.

Lamarin ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin a Jos ake shirya shirye-shiryen Hausa na tashar, sannan a watso su ta gajeren zango daga Habasha, har su iso akwatunan rediyo a ƙauyukan Kano da Katsina. Daga wannan rana sai tashar ta koma kakakin juyin juya hali.

Waɗanda suka yi ƙwacen su ne 'yan majalisar soja da ake kira Derg, wadda ta hamɓarar da Sarki Haile Selassie a watan Satumba na 1974, ta rungumi aƙidar kwaminisanci. Kanar Mengistu Haile Mariam ne ya zama shugabanta mai cikakken iko a 1977.

Gona da coci

Matakin farko dai bai yi kama da yaƙi da addini ba. A watan Maris na 1975 gwamnati ta mayar da dukkan filayen karkara mallakarta, ta kuma kayyade cewa kada iyali ɗaya ya riƙe fiye da hekta 10.

Manomin Bichi ko Ɗambatta da ya gaji gonarsa kaka da kakanni zai yi mamakin yadda aka yi marhabin da wannan doka. To amma a kudancin Habasha manoma da dama 'yan haya ne, suna miƙa wani kaso mai tsoka na amfanin gona ga masu ƙasa, kuma Cocin Orthodox na cikin manyan masu ƙasar. Dokar ta sauke wa talaka nauyi, ta kuma raba cocin da tushen dukiyarsa lokaci guda.

Daga nan sai aka juya kan shugabanni. An tsare shugaban cocin, Abuna Theophilos, a 1976, aka naɗa wani a gurbinsa, sannan aka kashe shi a asirce a 1979. Cocin Kibɗawa na Masar ya ƙi amincewa da sabon naɗin. Gwamnatin ba ta rushe Cocin Orthodox ba, domin mabiyansa sun yi mata yawa. Abin da ta yi shi ne ta sa masa linzami.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu

Mabiya ɗarikun Furotesta ba su samu ko wannan sassauci ba. An yi musu laƙabi da "Pente", ana zarginsu da zama 'yan koren Turawan yamma, musamman bayan Habasha ta juya wa Amurka baya ta koma ga Tarayyar Sobiyet.

An rufe majami'u masu yawa na Kale Heywet, ɗarikar da ta samo asali daga mishan ɗin SIM, wato wanda ya haifi ECWA a arewacin Najeriya. A 1982 aka haramta cocin Meserete Kristos baki ɗaya, aka ɗaure shugabanninsa. Mabiyansa suka koma ibada a ɓoye cikin gidaje, mutum biyar ko bakwai, kuma lokacin da gwamnatin ta faɗi yawansu ya ninka sau da dama.

Wanda aka fi tunawa shi ne Gudina Tumsa, babban sakataren cocin Mekane Yesus. Mutum ne da ya soki zaluncin masu ƙasa tun zamanin sarki, ya goyi bayan rabon gonaki, amma ya ƙi yarda coci ya zama ɗan amshin shatan gwamnati. Sau biyu ana tsare shi. Shugaba Julius Nyerere na Tanzaniya ya sa baki aka sake shi, ya kuma yi masa tayin mafaka, shi kuwa ya ce ba zai bar jama'arsa ba. A ranar 28 ga watan Yuli na 1979 aka sace shi, aka kashe shi, ba a gano gawarsa ba sai bayan faɗuwar gwamnatin.

Ina Musulmi a ciki?

A ƙasar da Najashi ya karɓi sahabban Manzon Allah (SAW) a hijira ta farko, Musulmi sun daɗe a gefe a ƙarƙashin sarakunan baya. Derg ce ta sa ranakun Sallah Ƙarama da Babba da Mauludi cikin hutun ƙasa, kuma wannan ci gaba ne na gaskiya.

Sai dai bai zo daga ƙaunar addini ba. Gwamnatin tana son rage ƙarfin cocin ne, kuma kisan gillar da ta yi a 1977 da 1978, wanda ake kira Jan Ta'addanci, bai tambayi kowa addininsa ba.

Mengistu ya tsere zuwa Zimbabwe a watan Mayu na 1991. Wata kotu a Addis Ababa ta same shi da laifin kisan ƙare dangi a 2006, kuma a 2008 kotun ƙolin ƙasar ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Zimbabwe ta ƙi miƙa shi.