Kwana ko Jeka-ka-dawo? Zaɓen Sakandaren Kuɗi a Ƙasar Batsari da Safana

Da zarar dogon hutu ya fara ƙarewa, wajen Agusta zuwa Satumba, sai takardun tallan makarantun kuɗi su cika bangon masallatai da tashoshin mota. Kowace da hoton ɗalibai cikin fararen riguna a gaban kwamfuta, kowace tana alƙawarin boko da Islamiyya da hadda, da yawansu kuma sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa akwai ɓangaren kwana da na jeka-ka-dawo. Magidanci a Kano ko Zariya da kuɗin zango yake fara lissafi. Na Batsari ko Safana kuwa tambayarsa ta farko daban ce: a ina yaron nan zai kwana, kuma wace hanya zai riƙa bi?

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙananan hukumomin biyu suna jingine da dajin Rugu, kamar maƙwabtansu Jibiya da Ɗanmusa da Ƙanƙara. A daren Juma'a 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗaruruwan yara cikin daji a ƙafa. Sai ranar 17 ga watan aka sako 344. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana na Jihar Katsina, kuma tun daga lokacin kalmar "kwana" ta yi nauyi a bakin iyayen wannan yanki. Wanda yake ganin biyan kuɗi na sayo kariya, ya tuna da makarantar Bethel Baptist ta Jihar Kaduna, wadda ba ta gwamnati ba ce, inda aka kwashe ɗalibai sama da 100 a watan Yulin 2021. Ɗan bindiga ba ya tambayar mai makaranta. Abin da yake dubawa shi ne nisan wurin da daji, da ƙarfin katanga, da tsawon lokacin da agaji zai ɗauka kafin ya iso.

To amma kada a ɗauka jeka-ka-dawo ba ta da nata haɗarin. Yaron da ke Runka ko Zakka ko Ruma, wanda sai ya hau babur ko keke ya ratsa gonaki safe da yamma, kullum a kan hanya yake, da damina kuma gero da dawa sukan rufe gani. Ga wasu iyalan ma, ɗakin kwanan makaranta a tsakiyar birnin Katsina ya fi gidansu na ƙauye aminci nesa ba kusa ba. Shi ya sa amsa ɗaya ba ta isar kowa. Gaskiya ne an kafa rundunar tsaron al'umma ta jihar a Oktoban 2023 zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, a 2025 kuma al'ummomin Batsari da Safana sun yi zaman sulhu da 'yan daji. Ana fatan ɗorewa, amma karatun sakandare shekara shida ne, kuma uba mai hankali ba ya gina shirin shekara shida a kan kwanciyar hankalin wata shida.

Akwai hanya ta uku da mutanenmu suka daɗe da sani, wato riƙo. A kai yaro wurin baffa ko goggo a Katsina ko Dutsin-Ma, ya shiga jeka-ka-dawo daga can. A ganina, ga yaron da bai wuce aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare ba, wannan ta fi, muddin gidan riƙon ba zai mayar da shi ɗan aike ko mayar da yarinya 'yar wanke-wanke ba. Yaro ɗan shekara 11 ko 12 bai gama iya kula da kansa ba, kuma cin zalin manyan ɗalibai, wanda ake yi wa laƙabi da siniyoriti, bai san makarantar kuɗi ko ta gwamnati ba.

In kuwa an tsaya a kan kwana, to gani ya kori ji. Kada a je ranar da makaranta ta shirya wa baƙi, lokacin da aka share fili aka jera kujeru. A je ranar aiki, bayan la'asar, a nemi izinin zagayawa. Ƙofar gaba kullum tana da fenti da maigadi. A zaga baya a ga ko katangar ta haɗe, ko kuwa ta ƙare a wata gona. A shiga ɗakin kwanan a ƙirga gadaje, a ƙirga tagogi. Ɗaki mai cunkoso da ƙarancin iska, a zafin Maris da Afrilu, shi ne shimfiɗar sanƙarau, kuma ba a manta da yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da Katsina da Yobe a 2023 ba. A leƙa banɗaki, a murɗa famfo a ga ko ruwa zai zo. A tsaya a ga abin da ake kwashewa daga tukunya, ba abin da aka rubuta a jadawalin abinci ba. Sannan a tambaya kai tsaye: wane babba ne ke kwana kusa da yara, wa ke kai marar lafiya asibiti cikin dare, da wace mota? In aka ji harbi, wa za a kira, ina yara za su taru? Tun 2021 Gwamnatin Tarayya ta fitar da manufa da mafi ƙarancin sharuɗɗan tsaron makarantu, saboda haka wannan tambaya ba rashin kunya ba ce. Shugaban makarantar da ya amsa da "Allah zai kare" kawai, ya faɗi gaskiya, amma bai ɗaure raƙuminsa ba.

Wani abin da iyayen Batsari da Safana suka ɗanɗana, wanda na wasu wurare ba su sani ba, shi ne yankewar waya. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu, aka shafe watanni. Duk wanda zai kai ɗansa nesa ya bar wa makaranta sunan wani ɗan'uwa mazaunin garin, wanda zai iya zuwa da ƙafarsa.

Sai batun karatun kansa, wanda tsoro kan sa a manta da shi. Abin farko shi ne takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, da shaidar cewa makarantar cibiya ce ta jarrabawar WAEC ko NECO, ko NBAIS ga mai son ɓangaren Larabci da addini. Wadda ba ta da wannan, kai ɗalibanta take yi wata makaranta su rubuta, kuma a nan rigimar ƙarin kuɗi da riƙe sakamako kan ɓullo. A nemi ganin sakamakon shekara uku a jere, a duba mutum nawa suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi, domin shi ne mabuɗin jami'a. Amma a yi hattara da makarantar da kowa ke cinye komai. Akwai wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo, sai an zo JAMB, inda yaro ke zama shi da kwamfuta, asiri ya tonu.

Ma'aunin da ya fi sauƙi, wanda ko uban da bai yi boko ba zai iya, shi ne littafin rubutun ɗalibi. A karɓi na lissafi daga hannun ɗan aji biyar, a buɗe. In shafuka sun cika da aiki, ga jan biro na malami mako bayan mako, ga gyara, to ana koyarwa. In rabin littafin fari ne tas a ƙarshen zango, kwamfutocin da ke cikin hoton talla ba za su cike gurbin ba. A tambayi kuma shekara nawa malamin lissafi da na kimiyya suka yi a wurin. Makarantar da ba ta biyan albashi da kyau, malamanta kan watse a tsakiyar zango, a bar yara da 'yan bautar ƙasa.

Kuɗi kuma a lissafa shi gaba ɗaya: zango 18 ne, ba ɗaya ba. Ban da kuɗin makaranta akwai yunifom, littattafai, rajistar jarrabawa, garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli na akwati, da kuɗin motar ranar ziyara, wanda ya ninka tun cire tallafin fetur a Mayun 2023. Manomi ya lura cewa zangon farko na kamawa kafin a gama girbi, don haka ya tambaya ko ana karɓar biya kashi-kashi, a rubuce. Cire yaro a aji huɗu saboda kuɗi sun gaza ya fi cutar da shi a kan a ce tun farko ya shiga sakandaren gwamnati ko ta al'umma mai malaman kirki.

Iyaye mata su ma a tafi da su wannan zagaye, musamman in 'ya mace za a kai, domin sun fi ganin abin da ke ɗakin kwana da madafa. Kuma kada a biya ko sisi kafin an ga takardar amincewa, an zaga bayan katanga, an buɗe littafin ɗalibi.